Yadda na koyi rubuta 龘, harafin Sinanci mai zane 48

A ƙarshen shekarar 2023, ina cikin shekarata ta biyu ta koyon Sinanci, sai wani harafi ya cika wayoyin mutane: 龘. Gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, ne ya sa shi a taken bikin sabuwar shekarar Sinawa ta 2024. Abin da ya ja hankalina shi ne, su kansu Sinawa da yawa sai da suka tambayi yadda ake karanta shi. Ana furta shi "da", murya na hawa sama.

Daren farko na ɗauko takarda mai gidaje, na jiƙa alƙalamin gashi da tawada, na shiga kwaikwayonsa kamar mai zana hoto. Tawada ta haɗe, gidan ya zama baƙi ƙirin. Na lalata takarda kusan goma.

Da safe na kai wa malamata. Ta duba ta ce, "Ɗalibina, ba harafi ɗaya kake rubutawa ba, uku ne." Ashe 龍 ne aka maimaita, ɗaya a sama, biyu a ƙasa, kowanne da zane 16. Ni kuwa sauƙaƙen salon 龙 mai zane 5 kaɗai na sani. Ta hana ni taɓa babban har tsawon mako guda. Kullum 龍 kawai, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kamar yadda yaro ke maimaita baƙi ɗaya a allo kafin a ƙara masa. Da na koma, sai na gane cewa na saman dole ya kwanta ya yi faɗi, na ƙasan biyu su tsuke, kuma tawada kaɗan ake ɗiba.

Ma'anar ce ta fi ba ni aiki. Kuskurena shi ne ɗaukar 龍 a matsayin dodo. A wurin Sinawa ba abin tsoro ba ne. Dabbar almara ce mai jikin maciji da ƙaho da farata, ana danganta ta da ruwan sama da sarauta. Sai na zaci uku a haɗe za su ba da wata ma'ana mai tsawo. Na buɗe ƙamus ɗin Kangxi na 1716, na tarar da layi ɗaya tak, wanda ya ɗauko daga Yupian, ƙamus ɗin da Gu Yewang ya fara tsarawa a 543: ya faɗi lafazin, sannan ya ce 龍行龘龘, wato yanayin tafiyar dabbar. Ke nan ba ƙidaya ake yi ba, motsi ake siffantawa. A ƙamus ɗin Shuowen Jiezi na Xu Shen, wajen shekara ta 100, akwai ɗan uwansa 龖 mai 龍 biyu, an fassara shi da 龍 mai tashi sama.

Nan kunnena na Bahaushe ya taimake ni. Mu ma muna cewa "tinƙis-tinƙis" ko "buguzum-buguzum", kalmar da ba ta nufin komai sai yadda abu ke tafiya, kuma ninka ta ake yi. Haka 龘龘 yake a jimlar. Tun daga ranar, duk harafin da ban sani ba, tsohuwar jimlar da ya zauna a ciki nake fara nema.

Wanda ya fara fita da kyau na rubuta shi a jar takarda, na manna a ƙofar ɗakina daren 9 ga Fabrairu, jajiberin bikin. Maƙwabcina, wani dattijo, ya tsaya ya ƙirga zanen da yatsa har 48.