Gammo da mashi biyu

15 ga Janairu

Hunturu ya matsa yau, har ƙarfe tara ban iya taɓa ruwa ba. Ina shan koko na kunna talabijin, sai ga manya a Abuja suna ajiye furanni ana busa begila, wai ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Duk shekara ina ganin wannan bikin, bai taɓa ɗaga mini hankali ba. Yau kuwa sai kakana ya faɗo mini a rai, mahaifin babana, wanda duk garinmu ba a kiransa da sunansa sai dai a ce Ɗan Bama. Na rufe shago kafin azahar na shiga motar Zariya, na nufi gidan Gwaggo. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa.

Na same ta a tsakar gida a zaune, ƙafa a miƙe. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, akwatin Baba Tsoho na zo gani." Ta dube ni ta ce, "Shekara nawa yana ƙarƙashin gado ba wanda ya tambaya, yau aljanunka sun tashi?" Amma ta aiki yarinya ta jawo shi.

Akwatin ƙarfe ne, tsatsa ta cinye gefensa. Kayan ciki ba yawa. Akwai tauraro mai tsini shida da ake ba waɗanda suka yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, ƙyallensa ja a tsakiya, ya koɗe. Akwai maɓallin tagulla mai hoton bishiyar kwakwa, tambarin rundunar Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila. Sai wani ɗan ƙyalle da ake ɗinkawa a kafaɗa, wanda na juya shi sama da ƙasa ban gane ba. Gwaggo ta ce, "Kai ɗan birni, gammo ne ba ka gani?" Ai kuwa gammo ne, da mashi biyu a gicciye a kansa. Tambarin rundunarsu ke nan, runduna ta 82. Ta 81 kuwa gizo-gizo ne baƙi, nasu ya fi ban dariya, sai ka ce tatsuniya suka tafi yi.

Na daɗe ina kallon gammon nan. Ashe abin da aka fara ɗaukarsa ya yi ke nan, dako. A dajin Arakan na ƙasar Bama mota ba ta shiga, don haka jirgi ke jefo abinci da harsashi da laima, mutanenmu su ɗora a ka su bi tsaunuka. Sai daga baya, da cuta da harsashi suka rage mutane, aka miƙa masa bindiga aka sa shi cikin masu shiga gaba.

Yadda aka ɗauke shi ma ban taɓa jin dalla-dalla ba sai yau. A takarda dai cewa ake yi masu sa kai ne. Gwaggo ta yi tsaki da na faɗi haka. Ta ce damina ce ta 1942, yana gona yana maimai, dogari ya zo ya tsaya a kan kunya ya kira shi. An yanka wa dagaci adadin samarin da zai kawo, shi kuma bai taɓa gidan masu hali ba, ya bi marasa gata. A shekarun nan ne kuma ake ɗibar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna, to gidansu an ce ko kuza ko soja. Ya bar fartanyarsa a nan cikin gero. Uwarsa ce ta je da yamma ta ɗauko.

A nan Zariya aka yi masa aski aka koya masa fareti. Ɗazu ma a hanya na wuce ta gaban barikin Chindit, kuma sau dubu na wuce Dalet a Kaduna, ban taɓa tsayawa na ce waɗannan sunaye daga Bama suka zo ba. Rundunarsu ta shiga jirgin ruwa zuwa Indiya a 1944, mutumin da ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin da ke ƙafewa da rani. A Janairun 1945 suna cikin waɗanda suka karɓe garin Myohaung daga hannun sojan Japan. Bai dawo gida ba sai 1946.

Na yi ta jan Gwaggo ko zan ji labarin ɗauki-ba-daɗi. Ta ce bai taɓa ba su ba. In yara suka tambaye shi ko ya kashe mutum, sai ya tashi ya ce lokacin salla ya yi. Abin da yake so ya faɗa daban ne. Matsattsaku da ke shiga cikin takalmi ya sha jini har ya zama kamar ɗan yatsa, sai an ɗora masa wutar taba yake saki. Ƙwayar zazzaɓi rawaya da saje ke tsayawa a kanka sai ka haɗiye. Ruwan sama da zai yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba, har yana cewa da za a ba shi na mako guda ya kawo gida da ya more. Abin da ya fi ba shi mamaki kuwa ɓauna ce. Ɓaunar da a nan sai maharbi mai asiri ke tunkara, can ya ga yaro ƙarami yana jan ta da igiya tana huɗar shinkafa. Gwaggo ta ce wannan labarin ta ji shi ya fi sau ɗari, kuma kullum sai ya rantse, don ba mai yarda.

Da ya dawo ya tarar uwarsa ta rasu, an raba gonar, an ba shi gefen da ya fi fako. Kuɗin sallamarsa ya sayi jaki ya yi aure da sauran. In aka ce ya yi shekara huɗu a soja sai ya gyara, ya ce damina huɗu, biyar ma in aka haɗa da wadda ya bari a tsaye. Wannan ya tsaya mini a wuya, don mu jikokinsa da tauraron muke alfahari, muna cewa kakanmu ya yi yaƙin Hitila, alhali shi ko Bajamushe ɗaya bai gani ba.

Na roƙi Gwaggo ta ba ni ƙyallen gammon na sa a firam. Ta ce sai bayan ranta. Na ɗauki hotonsa da waya, bai fito da kyau ba saboda hazo ya rufe rana. Na tambayi fartanyar, ta ce ai ita ya ci gaba da noma da ita har ruwanta ya cinye, maƙeri ya mai da ragowar lauje.

Ban samu mota ba sai bayan magariba. Na manta fura da ta ɗaura mini a kan tabarma.