Abin da Haɗa Kwamfutar Wasa a Falo Ya Koya Mini

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Yamai kafin wani magidanci a unguwar Yantala ya kira ni in haɗa masa kwamfutar wasa a falonsa, domin shi da 'ya'yansa su riƙa buga ƙwallo a babban talabijin bayan sallar isha'i. Na je da tunanin cewa aikin bai wuce zaɓen injin mai ƙarfi da jona wayar HDMI, mai kai hoto da sauti zuwa talabijin, ba, kuma haka na yi: na saka kwamfutar a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin, na rufe ƙofarsa don falon ya yi tsaf, na karɓi kuɗina na tafi.

Ba a yi mako biyu ba ya sake kirana. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 da rana, kuma wasan sai ya fara lafiya lau, bayan rabin awa hoton ya soma sarƙewa. Da na buɗe kabad ɗin na zura hannu, iskar da ke ciki ta buge ni kamar ta bakin tanda. Laifina ne, domin na san cewa katin hoto (sashen da ke sarrafa hoton wasa) da ƙwaƙwalwar kwamfuta (sashen da ke yin lissafi) suna rage gudunsu da kansu idan zafi ya yi musu yawa, don kada su ƙone, amma na kulle injin a akwatin da iska ba ta shiga ba ta fita. Muka kira kafinta ya yanke bayan kabad ɗin, muka bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango, sarƙewar ta ɓace ba tare da an sayi ko da ƙusa ba. Da hunturu ya zo kuma, ƙura ta toshe ragar fanka, na koya wa babban ɗan gidan ya riƙa cire ta yana kakkaɓewa duk mako biyu.

Batun wuta ban tsaya jayayya a kansa ba. Wutarmu ta volt 220 ce, tana hawa tana sauka, tana kuma ɗaukewa ba sallama, don haka na dage a sayi na'urar daidaita wuta da mai ajiye ta na 'yan mintoci, yadda za a iya kashe injin a natse. Shi kansa talabijin yana da saiti na musamman na wasa, wanda ke dakatar da ƙawata hoton da yake yi, ya rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Ranar da na kunna shi, yaran suka ɗauka na canza musu manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan da shi.

Darasin da ya fi zauna mini daga uwargidan ya fito. Ina jan wayar intanet a tsakiyar falo, saboda bangon siminti yana raunana Wi-Fi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, nan fa nake saukar baƙina, kuma nan tsohuwa ke zama da carbinta." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban yi wannan tunanin ba." Gaskiya ce kuwa, na auna komai ban auna mutanen gidan ba. Na bi da wayar ta gindin bango a cikin siririn bututu, na kawo abin sa wa kunne don wasan dare, aka ware wa manet-manet ɗin kwando guda.

A ranar ne kuma na lura cewa yaran ba a kujera suke zama ba, a tabarma suke, wuyansu a ɗage zuwa talabijin da aka kafa sama kusa da rufi. Na zauna a tabarmar tare da su na minti goma, wuyana ya fara ciwo. Muka sauko da talabijin ɗin har tsakiyarsa ta kusa daidai da idon mai zaune, muka ja tabarmar baya kamar mita biyu, Hajiya kuma ta rataya labule mai kauri a tagar yamma wadda hasken la'asar ke faɗowa ta cikinta a kan gilashin.