Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jabun Daloli a Bronx

Makon jiya na tsaya inda na kama tsaron kanti a unguwar Bronx ta birnin New York. To, a nan maganar Baba, Allah ya jiƙansa, ta yi mini rana. Duk shekarun da ya yi yana canji a Wapa ta Kano abu guda yake nanata mana: "Kuɗi da yatsa ake ganinsa, ido ruɗu ne."

Ran nan mai kantin ya kai ciniki banki, aka zare 'yan dala ɗari-ɗari guda uku aka ce jabu ne. Banki ba ya mayar maka da jabu, ba ya kuma biyanka, hukumar Secret Service yake tura wa. Da yawanmu mun ɗauka aikinsu tsayawa bayan shugaban ƙasa da baƙin tabarau da waya a kunne. Ashe don jabun kuɗi aka kafa ta a 1865, sa'ad da jabu ya cika Amurka bayan yaƙin basasa. Gadin shugaba sai da aka harbe Shugaba McKinley a 1901 aka ɗora mata.

Mai kantin nan, ba zan kama sunansa ba don darajar 'ya'yansa, ya ce ni na karɓa. Ya yanke dala 300 a albashina. Ni, ɗan Alhaji na Wapa! Alhali kowa ya san ɗan ƙanwarsa ne a kan kanta daren nan.

Da jami'ai biyu suka zagayo shagunan layinmu suna tambaya, na nuna musu yadda nake murza kafaɗar Franklin, mutumin da hotonsa ke jikin dala ɗari, in ji kaushin tawada, don takardar dala auduga ce da lilin, ba ta santsi irin na jabu. Ɗayansu ya gyaɗa kai. Mai kantin yana tsaye, bai ce uffan ba.

Ko bayan na koma tasi, duk watan Satumba idan suka toshe titunan Manhattan saboda shugabannin da ke zuwa taron Majalisar Ɗinkin Duniya, fasinja na ta ƙorafi, ni kuwa dala 300 ɗin nan nake tunawa. Hajiya ta ce in bar wa Allah. Na bari, amma wallahi yatsan da Baba ya horar bai taɓa karɓar jabu ba.

Mako mai zuwa sai zuwan Yaya Babba da rigimar gidan Fagge.