Tambayar da malamina ya rubuta a ƙasan takardata

A shekarata ta biyu a darasin tarihin zane-zane aka ba ni aikin rubutu kan wani hoto da Robert Feke ya zana a 1741, na wani attajirin Amurka, Isaac Royall, da iyalinsa. Na zauna na zuba shafi huɗu a kan launi da haske. Na yabi yadda saurayin ɗan shekara 22 ya tsaya a gefe cikin riga mai adon zinariya, ga matarsa da jaririyarsu, ga 'yar'uwarsa da 'yar'uwar matarsa a zaune, ga darduma irin ta Turkiyya an shimfiɗa a kan tebur. Ina ta jin daɗin kaina. Da takardar ta dawo, layi ɗaya malam ya rubuta: "Da kuɗin me aka sayi dardumar?"

Wannan tambaya ta hana ni barci. Ashe dukiyar gidan daga gonakin rake na tsibirin Antigua da ke yankin Karibiyan ta fito, inda bayi ke aiki. Da uban Isaac ya koma Medford a Massachusetts a 1737, ya taho da bayi aƙalla 27. Ɗakunan da suka kwana suna nan tsaye har yau a harabar gidan. Babu ko ɗayansu a cikin hoton, alhali guminsu ne aka zana a kowace riga.

Daga nan na daina kallon irin waɗannan zanuka a matsayin abin da mai zane ya gani. Abin da mai biyan kuɗi ya so a gani ne. Attajiran Boston da kewaye suna kiran mai zane ne don ya tabbatar wa jikoki cewa su manya ne, har John Singleton Copley, gwanin zamanin, ya zana Royall da 'ya'yansa mata daga baya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Belinda Sutton. Bayan Royall ya gudu Ingila lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka ya rasu a 1781, wannan tsohuwa ta kai koke majalisar Massachusetts a 1783. Ta ce tana yarinya aka sace ta a kusa da kogin Bolta, ƙasar da muke kira Ghana a yau, kuma ta yi wa gidan bauta shekara 50. Aka yanke mata fam 15 da sule 12 a shekara daga dukiyarsa, amma sai da ta yi ta komawa tana neman a biya. Wasiyyar Royall kuwa ita ta kafa kujerar farfesan shari'a ta farko a jami'ar Harvard, kuma sai a 2016 makarantar shari'a ta jami'ar ta daina amfani da tambarin gidansa mai damin alkama uku.

Na sake rubuta aikin daga farko. Shafi biyu na ba Belinda, wadda alama kawai ta yi a madadin sa hannu a ƙasan kokenta.