Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Littafin Da Kawu Ya Ƙwace

A makon jiya na tsaya a inda aka zo makaranta aka ɗauke ni da sunan Baba na nemana. Ban san Auta ya kwana huɗu a kabari ba sai da na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu. Bazarar 1996 ce, shekarar da sanƙarau ya ratsa Arewa ya kashe sama da mutum dubu 11. Auta na cikinsu, yana da shekara tara. Ni kuma ina da sha shida.

Bayan sadakar bakwai aka mai da ni makaranta, amma gangar jikina ce kawai ta koma. Na daina zuwa karatun dare, na daina shiga hira. Duk wanda ya buɗe baki sai in ji ƙarya nake saurare: shugaban ɗalibai da ke wa'azin ladabi da safe ya ƙwace wa ƙananan yara gari da daddare, malamin da ke washe baki idan mai kuɗi ya zo ziyarar ɗansa. Kowa haushinsa nake ji, ban kuma san dalili ba. A jarrabawar zangon nan na faɗi darasi uku.

Malaminmu na Turanci, Allah Ya jiƙansa, shi ya kira ni gidansa wata Asabar. Na tafi da shirin shan faɗa. Sai ya miƙo mini wani ɗan littafi mai jan bango da rubutu ruwan ɗorawa, gefensa duk ya lanƙwashe, ya ce, "Ɗana, karanta wannan. In ka gama kada ka gaya mini ko ya yi daɗi, ka gaya mini abin da ke damun yaron da ke ciki."

The Catcher in the Rye ne, na marubucin Amurka J.D. Salinger, wanda ya fito a 1951. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 16, Holden Caulfield, da aka kora daga makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a jihar Pennsylvania saboda ya faɗi darasi huɗu cikin biyar. Maimakon ya tafi gida, sai ya yi 'yan kwanaki yana gararamba a birnin New York ana dab da Kirsimeti, daga otal zuwa mashaya, yana kiran kusan duk babban da ya gani ɗan ƙarya. Turancin ya ba ni wuya da farko, don yaren samarin Amurka ne na wancan zamani. Da ƙamus a gefe na riƙa ja, ina karantawa da tocila cikin bargo.

Sai na iso inda ya kawo zancen ƙanensa Allie, wanda sankarar jini ta kashe yana da shekara 11. Yaron na da safar hannu ta wasan besbol da ya cika ta da waƙoƙi da koren tawada, don ya samu abin karantawa idan yana tsaye a fili. Daren da ya mutu Holden ya farfasa tagogin garejin gidansu da hannu, kuma bai halarci binnewar ba saboda yana asibiti ana jinyar hannun. A nan na kashe tocilar. A cikin akwatina, ƙarƙashin kayan sawa, akwai allon Auta da na ɗauko daga zaure ba tare da kowa ya sani ba, da rubutun da bai kai ga biyawa ba, tawadar ta ɗan zirara a layin ƙarshe. Daren nan na yi kukan da ban yi a gida ba.

Mutum na farko da na ba aron littafin shi ne abokina da gadonsa ke saman nawa, ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Kwana biyu ya dawo mini da shi ko rabi bai kai ba. Ya ce, "Mutumina, wannan ai ƙoshi ne ke damunsa. Ubansa lauya, an sa shi makaranta mai tsada ya watsar, an canza masa wata ya watsar, yana hawa tasi yana kwana otal, wai shi ne mai baƙin ciki? A ba shi fartanya damina ɗaya mu gani." Na ji zafin maganar har na yi kwana uku ba na kula shi. Amma ko a lokacin na san akwai gaskiya a bakinsa. Shi akuyar uwarsa aka sayar aka yi masa kuɗin mota da sabulu, ba zai iya tausayin wanda ke wasa da abin da shi yake nema ido rufe ba. Har gobe masu karatu da yawa, a Amurkar ma, haka suke kallon Holden: sangartaccen ɗan gata mai yawan ƙorafi.

Na biyu Kawu ne, ƙanen Inna, wanda yake malamin firamare kuma shi ke duba sakamakona. Da hutu ya same ni da littafin a soro, ya karɓa ya buɗe tsakiya, ƙaddara ta kai shi daidai inda Holden ya yarda a turo masa karuwa ɗakin otal. Bai karanta gaba ya ga yaron ya kasa taɓa ta ba, hira kawai ya roƙe ta su yi. Ya rufe, ya dube ni ya ce, "Ashe abin da ya kayar da kai jarrabawa ke nan." Ya sa shi a aljihun babbar riga ya fita.

Na daɗe ina riƙe da Kawu a zuciya, sai da na girma na gane ba shi kaɗai ba ne. A 1960 an sallami wata malama daga aiki a garin Tulsa na jihar Oklahoma saboda ba ɗalibai wannan littafi, daga baya aka mai da ita bakin aikinta. Tsakanin 1961 da 1982 babu littafin da aka fi hanawa a makarantun sakandare da ɗakunan karatu na Amurka kamarsa, saboda ashar da giya da zancen mata. Abin ya ƙara muni a watan Disamba na 1980, da mutumin da ya harbe mawaƙi John Lennon a New York ya zauna a wurin yana karanta shi har 'yan sanda suka iso. Duk da haka an sayar da sama da kwafi miliyan 65. Shi kuwa Salinger ya ƙaurace wa mutane tun 1953 a wani ƙaramin gari, Cornish, bai yarda a yi fim ɗin littafin ba har ya rasu a 2010 yana da shekara 91. Tsoron Kawu tsoron uba ne, ban ƙara ganin laifinsa ba. Kuskurensa ɗaya, shafi biyu ya karanta ya yanke hukunci.

Wadda ta karanta shi daga farko har ƙarshe Yaya ce. Tana kwalejin horon malamai a lokacin, kuma ita kaɗai ce ke iya tunkarar Kawu. Ta je ta ce masa za ta duba ta ga ko ya dace a ƙone, ya ba ta. Mako guda tana karantawa bayan sallar isha'i. Wata ranar da yamma tana tankaɗe a tsakar gida, Inna ta shiga maƙwabta, sai ta kira ni ta ce in zauna.

Ta ce, "Ka san abin da ke damun yaron nan? Ba a yi masa gaisuwa ba."

Na yi shiru. Ta ce, duba, uwarsa na fama da nata ciwon, ubansa na wurin aiki, yayansa ya tafi Hollywood, shi kuma an tattara shi an tura makaranta. Shekara uku yana yawo da mutuwar ƙanensa, kowa na tambayarsa sakamakon jarrabawa. Har direban tasi yake tambaya ina agwagin tafkin Central Park, lambun shaƙatawa na New York, ke zuwa idan ruwan ya daskare, kai kana jin agwagi ne damuwarsa? Ta ce ƙanwarsa Phoebe mai shekara goma ce kaɗai ta tsare shi ta ce ya faɗi abu ɗaya da yake so a duniya, sunan mamacin ya ambata. Kuma aikin da ya ce yana buri shi ne ya tsaya a bakin wani rami mai zurfi a gefen gona, duk yaron da ya taho a guje zai faɗa ya tare shi. Wanda ya kasa tare nasa ne ke irin wannan mafarki.

Sai ta ajiye rariyar ta karkaɗe hannu. A kwanakin zaman makoki maza sun cika ƙofar gida suna yi wa Baba ta'aziyya, mata sun cika ɗakin Inna. Ni aikina ɗauko ruwa da naɗe tabarmi. Duk wanda ya lura da ni cewa yake, "Kai namiji ne, ka daure." Ni da Auta kuwa katifa ɗaya muke kwana tun yana rarrafe.

Yaya ta dube ni ta ce, "Ya haƙurin Auta?"

Wata huɗu da rasuwarsa, ranar aka fara tambayata. Na buɗe baki in ce da godiya, maganar ta ƙi fita. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce in yi shiru ba. Da na natsu ta ce ta san allon yana wurina, Inna ma ta sani, ta dai hana a tambaye ni ne.

Da aka dawo daga hutu na mai wa malam littafinsa, da garin tuwo a tsakanin shafukan. Ya tambaye ni amsar tambayarsa, na faɗa masa abin da Yaya ta ce, na kuma gaya masa ba tawa ba ce. Ya jinjina kai ya ce in gaishe ta. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda aka yi na maimaita aji biyar, da ranar da Baba ya zo makaranta da kansa a kan kekensa.