Igiya biyu, reshe biyu: abin da gyaran bishiya ya koya mini a Ingila

Sana'ata hawa bishiya da yi mata aski. A nan Ingila, a yankin Birmingham inda nake zaune, mu ake kira idan reshe ya sunkuyo kan rufin gida, ko bishiya ta bushe a bakin titi, ko guguwa ta karya wata ta bar rabinta yana reto. A Zariya na tashi, kuma kamar kowane yaro na hau mangwaro da darbejiya ba takalmi, saboda haka tsayi bai taɓa razana ni ba. Hawa da igiya ne sai da na zauna na koya tun daga tushe, domin a wannan aikin nauyin mutum gaba ɗaya a kan igiya yake, hannuwa kuwa na riƙe zarto ne.

Daga ƙasa na fara, ina jan rassa zuwa injin niƙa itace, ina warware igiyoyi, ina kallon maigidana a sama. Ba a barin kowa ya ɗaga ƙafa sai ya ci jarrabawar hawa da ceto, wadda hukumar jarrabawar sana'o'i ta City & Guilds ke bayar da takardarta, sannan akwai wata daban ta riƙe injin zarto a saman bishiya. Tun a wannan zaman na lura da wata ɗabi'ar maigidan: duk inda muka je, sai ya bar kaya a mota ya zagaya bishiyar a hankali, wani lokaci har mai gidan da ya kira mu ya fara duba agogo. Yana duba gindi ko akwai naman kaza da ya tsiro, alamar ruɓa a ciki. Yana duba ƙasa ko ta tsage ko ta ɗago a gefe ɗaya, alamar saiwa ta saki. Yana ƙwanƙwasa jikin itacen da guduma ya saurara ko akwai kogo. Sai ya ɗaga kai ya nemi busassun rassa da suka karye suka maƙale, da wayoyin lantarki, da sheƙar tsuntsaye, domin dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita, jemagu ma doka na kare su. Bayan duk wannan ne yake cewa a sauke kaya.

Kayan ba su da yawa kamar yadda mutum zai zata. Akwai ɗamarar hawa mai riƙe ƙugu da cinyoyi, wadda mutum ke zama a cikinta. Akwai igiyar hawa mai kaurin milimita 11 zuwa 13, wadda ba ta miƙewa sosai, ba kamar ta masu hawan dutse ba. Akwai gajerar igiya ta gefen ƙugu, ta zagaye kututture ko reshe idan za a tsaya yanka. Sai ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle kansu, waɗanda ba sa buɗewa sai an yi musu motsi uku, da hular kwano mai igiyar haɓa, da abin kare ido da kunne, da wando na musamman. A cikin wandon akwai dogayen zaruruwa; idan sarƙar inji ta taɓa shi, sai ta fizgo su su cushe injin ya tsaya kafin ya kai ga nama. Na masu hawa yana da kariyar ne gaba da baya, ga nauyi ga zafi a lokacin bazara, amma ba na hawa da inji ba tare da shi ba. Ƙarafan ƙafa masu tsini kuwa ba ma sa su sai a bishiyar da za a sare gaba ɗaya, don kowane taku rauni ne a jikin mai rai.

Igiyar da ƙugiyoyin kowanne yana ɗaukar fiye da tan 2. Mutum ya ji wannan sai hankalinsa ya kwanta, amma akwai sharaɗi. Ƙugiya tana da wannan ƙarfin ne idan nauyi ya bi tsawonta. Idan ta juya ta kwanta a gicce, abin da za ta iya ɗauka yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa idona ke komawa kanta duk sanda na sauya wuri. Abu mafi girma kuma, duk ƙarfin igiya, iyakarta ƙarfin reshen da aka rataye ta. Kamfani ya gwada igiyar ya buga mata lamba, reshen kuwa babu wanda ya gwada shi sai kai. A ganina nan ne aikin yake, sauran duk koyon hannu ne.

Ga yadda muke kafa igiya. Ana ɗaura 'yar jaka mai nauyin giram 300 ko kusa da haka a bakin wani siririn zare, a wurga ta ta ƙetare gwafar da ake so a can sama, sannan a ja igiyar hawa da zaren. Wurgin yana cin lokaci kafin hannu ya faɗa, kuma gajiya kan sa mutum ya ce bari in yarda da inda ta faɗa. Maigidana bai taɓa yarda da wannan ba. Yakan ce, "Yaro, sake wurgawa." Abin da muke nema shi ne igiyar ta zagaye uwar itacen ta zauna a kan reshe mai rai, kusa da inda ya fito, ta yadda ko reshen ya gaza uwar za ta tare. Gwafa mai faɗi ta fi mai matsatsen baki aminci, domin a matsattsiyar ɓawo yakan shige tsakani ya hana itacen haɗewa, tana iya tsagewa. Idan igiya ta zauna, mu biyu mukan rataya a kanta daga ƙasa, muna kallon reshen muna sauraro. Da an ji ƙara ko an ga ya sunkuya fiye da kima, sai a janye a sake wuri.

Akwai lissafi guda da kowane mai hawa ya kamata ya riƙe. Idan aka ƙetara igiya a kan reshe aka ɗaure ɗaya bakin a gindin bishiya, mutum ya hau ɗaya ɓangaren, reshen yana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyin mutumin, domin ɓangarorin biyu duk ƙasa suke ja. Mai kilo 80 da kayansa ya zama kamar mutum biyu a kan reshe ɗaya. Wannan ɗaurin yana da amfaninsa, don ana iya shirya shi yadda na ƙasa zai sauke mai hawa idan ya ji rauni, amma dole reshen ya zama wanda zai iya.

Hanyar da na fara koya ita ce ta igiya mai tafiya: baki ɗaya a ɗamara, igiyar ta haura ta ƙetare reshe ta dawo, a kama ta da ƙullin da ke riƙewa idan an sake shi, yana zamewa idan an danna. Tushen irin wannan ƙulli shi ne na Karl Prusik, mai hawan dutse ɗan Ostiriya, wanda ya fito da shi a 1931, kuma har yau sunansa yake ɗauke da shi. Yanzu akwai na'urorin ƙarfe masu yin wannan aikin, irin su Zigzag na kamfanin Petzl, ni ma ina amfani da su. Duk da haka ba na yarda sabon yaro ya taɓa na'ura sai ya iya ƙulla ƙullin da hannunsa ba tare da ya kalla ba, saboda ranar da na'ura ta suɓuce ta faɗo, guntun igiya ne zai sauko da shi. Igiya mai tafiya tana goge ɓawo, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya har ta yi masa gurbi. Don haka muke rataya wani maɗauri mai zobe biyu a kan reshen, igiyar ta bi ta cikin zobban. Bishiya ta tsira, igiya ma ta daɗe.

Daga 2020 ka'idar aiki a nan ta tsananta. Ƙungiyar masu sana'ar, Arboricultural Association, ta fitar da sabon jagora bisa dokar aiki a sama ta 2005, cewa mai hawa ya kasance a kan igiya biyu, kowacce da wurin ratayarta, sai fa inda hakan zai fi jawo haɗari. Tsofaffin hannu da yawa sun yi gunaguni, kuma ba su yi ƙarya ba: igiya biyu suna sarƙewa, suna rage sauri, a bishiya mai cunkoson rassa har sukan gajiyar da mutum. Ni dai ina tare da ka'idar. Sarƙar inji tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, igiyar da ke ɗauke da nauyi kuwa taɓawa ɗaya ta ishe ta. Na taɓa tsayawa a ƙasa na ga reshen da wani abokin aikinmu ya rataya a kai ya ɓalle, reshen da muka duba tare muka yarda da shi. Ya zame kaɗan, ta biyun ta tare shi, ya sauko da ƙafarsa. Wani itace ne da Turawa ke kira ash, kuma ciwon da ke busar da irinsa, wanda aka fara tabbatarwa a Birtaniya a 2012, yana sa itacen ya yi gautsi tun yana da sauran ganye. Yanzu idan ciwon ya ci ash sosai ba ma hawansa, motar ɗaga mutum muke kawowa.

Wajen yanka, hannu biyu a kan inji, kullum. Ƙananan injunan da ake hawa da su an yi musu mariƙi a sama, suna jan mutum ya riƙe da hannu ɗaya ya tallafi reshe da ɗayan, kuma ta haka ake yanke hannun hagu. Reshen da bai kai ya kawo ba, zarton hannu ya ishe shi. Kafin in tayar da inji sai na ɗaura gajerar igiyata, na duba inda kowace igiya ta bi, na yi kira ƙasa, kuma ba na yanka sai an amsa. Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi: a fara tsaga shi ta ƙasa, a yanke ta sama gaba da tsagar kaɗan don ya faɗi bai saɓule ɓawon uwar ba, sannan a cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke gindin reshen. Wannan kumburi ba a taɓa shi. Binciken Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka ya nuna bishiya ba ta warkar da rauni irin na jikin mutum, killace shi take yi ta ci gaba da girma a kansa, kuma a kumburin nan killacewar ke farawa. Shafa fenti a kan yankan ba ya ƙara komai.

Inda babu filin da reshe zai faɗi, saukar da shi ake yi da igiya ta daban mai bi ta kan fuli, wato 'yar taya mai juyawa da ake ratayawa a sama, na ƙasa yana riƙe da ita a naɗe jikin wani ƙarfe a gindin bishiya. Igiyar da ta ɗauki itace ba ta sake ɗaukar mutum. Gungumen da ya faɗo ya fizgi igiya yana jan ninkin nauyinsa sau da yawa, saboda haka gwanin ƙasa ba ya tare shi farat ɗaya. Yakan bari ya ɗan gudu, ya tsayar da shi sannu a hankali. Idan ya riƙe gam, duk girgizar a kan bishiyar za ta ƙare, ni kuma ina jikinta. Shi ya sa ba na kallon aikin ƙasa a matsayin aikin yara. Dole kuma a samu wanda ya iya hawa a cikinsu, kayansa a shirye a gindin bishiya, domin mutumin da ya suma yana rataye a ɗamara jini na taruwa a ƙafafunsa, ba zai iya jiran motar kashe gobara ba. Mukan ware lokaci mu gwada ceton juna, ko da aiki ya yi yawa.

Kowace safiya ina bin igiyata da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ina neman inda ta yanke, ko ta ƙone ta yi santsi, ko ta yi laushi a ciki. Doka kuma ta wajabta wani ƙwararre ya duba duk kayan hawa bayan kowane wata shida ya rubuta. Igiyar da na yi shakka a kanta yanka ta nake gunduwa-gunduwa, kada wani ya tsinta ya hau.

Idan na je gida nakan ga samari a kan darbejiya da dogayen itatuwan turare, gatari a hannu, ba ko igiya a ƙugu, wayar lantarki na gefensu. Ƙarfin halinsu da iya takunsu sun fi na da yawa daga cikin abokan aikina, kuma raina yana sosuwa idan na tuna cewa zamewa ɗaya ta isa ta kwantar da mai ciyar da gida. Ga zuma da rina a kogo, waɗanda idan suka taso wa mutum a sama babu hanyar sauka da sauri. Wani ƙanena da ke wannan aikin ya tambaye ni me zai fara saya, tunda kayan da tsada. Na ce masa ɗamara da hular kwano da gajerar igiyar ƙugu da ƙugiyoyi masu kulle, sababbi, daga inda aka san asalinsu, kada ya kusanci igiyar ɗaurin kaya ta kasuwa ko ɗamarar gwanjo da bai san abin da ta sha ba. Na ce ya fara gwada su a reshen da bai fi tsayinsa ba har jikinsa ya yarda da su, kuma duk ranar da zai hau ya tafi da wanda zai tsaya masa a ƙasa. Doguwar igiyar hawa ni na aika masa, da sharaɗin ba zai rataya a kanta ba sai na zo mun yi ƙullin tare.