Jiragen Hurricane, daga sararin Landan zuwa hanyar alhazai

Marigayi kakana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa kiran yaƙin duniya na biyu da wani suna ba sai Yaƙin Hitila, kuma saninsa game da shi bai wuce abin da ya gani da idonsa yana yaro a bayan garin Ubayyid na ƙasar Sudan ba, inda iyayensa suka yada zango suna noma domin su tara guzurin ƙarasawa Makka. Yakan ce da hantsi sai su ji ruri daga yamma, su ɗaga kai su ga babban jirgi guda a gaba, ƙanana biyar ko shida suna biye da shi kamar kaza da 'yan tsakinta. In na tsokane shi na ce, "Kaka, wanda ya shige ƙarƙashin rumbu yaushe ya sami damar ƙirga jirage?" sai ya ce, "Ja can, ɗan nema. Hanyar da ta ci mana shekara uku daga Kano, su kwana biyu suke yi."

Sai bayan rasuwarsa, ina zaune a nan Kasala, na gane cewa babban jirgin nan Blenheim ne mai ɗauke da masanin hanya, ƙananan kuwa yawancinsu Hurricane ne, irin waɗanda a daidai wannan lokaci suke fafatawa da jiragen Jamus a sararin Ingila. Daga nan ne na shiga bin labarin wannan fafatawa, wadda aka ƙayyade ta daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba 1940.

Bayan faɗuwar Faransa a watan Yuni, Hitila ya ba da umarni a shirya tsallaka ruwa a mamaye Birtaniya, amma hafsoshinsa sun san cewa kwale-kwalen dakon soja ba za su kai gaɓa ba muddin jiragen yaƙin Ingila suna shawagi a kansu. Saboda haka aka ɗora wa Göring, shugaban sojan saman Jamus, nauyin share sararin sama tukuna. Yana da jirage fiye da 2,000 a filayen Faransa da Beljiyam da Norwe, alhali mayaƙan saman Ingila suna da kimanin 650 da za su iya tashi su tare shi.

Wanda duk ya ga hotunan samarin matuƙan nan suna gudu zuwa jiragensu zai ɗauka jarumta ce kaɗai ta fitar da su. Jarumtar tana nan, ba na musu, amma ni abin da ya fi kama hankalina shi ne wani dattijo mai ƙarancin magana, Hugh Dowding, shugaban rundunar jiragen da ke tsaron sararin Birtaniya, wanda ya shafe shekara huɗu kafin yaƙin yana ƙulla wani tsari da ba a taɓa yin irinsa ba. A bakin teku an kafa dogayen turaku na rada, na'urar gano jirage daga nesa, da ke hango su tun suna taruwa a kan Faransa. Da zarar sun shigo ƙasa, sai 'yan sa-kai masu tabaran hangen nesa su karɓa, suna buga waya suna faɗin yawansu da tsayinsu da inda suka dosa. Duk wannan labari yana kwarara zuwa hedikwata a Bentley Priory, a tace shi, a aika wa shiyyoyi, inda mata sojoji suke tura 'yan katakai a kan babban teburin taswira, har kwamanda ya ga yaƙin gaba ɗaya a gabansa kamar mai kallon dara. Amfanin wannan shi ne ba sai jirage sun yini a sama suna ƙona mai suna laluben abokin gaba ba. Rukuni yana zaune a ƙasa sai waya ta yi ƙara, cikin 'yan mintoci ya tashi, a faɗa masa ta rediyo inda zai nufa.

Rukuni guda yakan tashi da jirage 12, kowanne da bindigogi takwas a fuka-fukansa, amma harsashin da ke ciki bai wuce na daƙiƙa 15 ba in aka danna babu sassautawa. Cikin jiragen yaƙin Ingila, Spitfire ce ta yi suna saboda kyau da sauri, sai dai Hurricane ta fi yawa, kuma ita ta fi kakkaɓo jiragen Jamus. Bayan jikinta ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da ƙyalle, don haka harsashi yakan huda ya wuce, makanikai su liƙe cikin dare, gari na wayewa ta koma sama. Akwai kuma inda Jamusawa suka fi su nesa ba kusa ba. Matuƙan Ingila sun shiga yaƙin suna tashi uku-uku a matse, kowa idonsa na kan fiffiken ɗan'uwansa kada su yi karo, su kuwa Jamusawa tun a yaƙin basasar Sifen suka koyi tashi biyu-biyu a warwatse, kowa na tsaron bayan abokinsa. Samari da yawa sun mutu kafin a yarda a sauya wannan salo. Raunin Jamusawa shi ne mai, domin jirginsu Messerschmitt 109 in ya iso Landan bai fi minti goma zai yi yana faɗa ba, dole ya juya, ya bar masu jefa bama-bamai babu mai rakiya. Ga shi kuma Bature ɗan Ingila in aka harbo jirginsa ya diro da laima, a gonar ƙasarsu yake sauka, wani ma a ranar zai sake tashi, shi kuwa Bajamushe sai sansanin fursunoni.

Kwanakin da suka fi tsanani su ne daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, lokacin da Jamusawa suka dage kan filayen jiragen kudu maso gabas irin su Biggin Hill. Cikin mako biyun nan an kashe matuƙa 103, an ji wa 128 munanan raunuka. Masana'antu suna iya maye gurbin jirage, amma ƙwararren matuƙi ba a ƙera shi a mako guda. A nan ne baƙi suka yi rana. Rukuni na 303 na 'yan Folan, waɗanda aka daɗe ana jan ƙafa wajen sakinsu saboda ba su iya Turanci ba, ya shiga fagen a ƙarshen Agusta, kuma kafin a gama yana cikin waɗanda suka fi kowa ɓarna. Daga 7 ga Satumba sai Jamus ta karkata ga ruwan bama-bamai a kan Landan, abin da ya zama bala'i ga talakawan birnin, amma ya ba filayen jirage damar numfasawa. Ranar 15 ga Satumba Churchill, firaministan Birtaniya, yana ɗakin ba da umarni na Uxbridge, ya tambayi kwamandan shiyyar, Keith Park ɗan New Zealand, ko akwai sauran rukunin da aka ajiye, Park ya amsa masa cewa babu. A ranar an sanar da kakkaɓo jiragen Jamus 185, daga baya takardun Jamusawa suka nuna ba su wuce 60 ba (ashe ƙarin gishiri a labarin yaƙi ba yau aka fara ba, mu da ke Sudan mun san wannan sarai). Duk da haka, bayan kwana biyu Hitila ya ɗage mamayar, ba a kuma sake tayar da ita ba. Cikin matuƙa da ma'aikatan jirgi kusan 3,000 da suka yi wannan faɗa a ɓangaren Birtaniya, 544 ba su ga ƙarshensa ba.

Akwai wata gardama da ta ɓarke tsakanin hafsoshin, kuma a cikinta ina bayan Park. Leigh-Mallory, kwamandan shiyyar da ke arewa da tasa, tare da Douglas Bader, matuƙin nan da ya rasa ƙafafunsa biyu tun 1931, sun nace a riƙa haɗa rukuni uku zuwa biyar a auka wa abokan gaba gaba ɗaya. Maganar tana da daɗin ji, amma kafin irin wannan taro ya haɗu a sama sau da yawa an riga an jefa bama-baman an juya. Park yakan tura rukuni ɗaya ko biyu da wuri, su tarwatsa maharan, su dawo su sha mai, domin shi da Dowding sun fahimci cewa abin da ake bukata shi ne gobe ma a sami wanda zai tashi. Sakamakon da suka samu shi ne kafin shekarar ta ƙare an sauke su duka biyu daga muƙamansu, aka ba Leigh-Mallory kujerar Park.

Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne a cikin wannan Satumba ɗin, ana tsaka da ƙarancin jirage, aka fara tura Hurricane zuwa Masar ta ƙasashenmu. Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni, ta toshe hanyar Bahar Rum, har sojojinta suka kama wannan gari namu na Kasala ranar 4 ga Yuli, ba su fita ba sai Janairun 1941. Sai aka riƙa kawo jiragen cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fallomi (N'Djamena ta yanzu), Jinaina, Fashir, Ubayyid, Kartum, sannan su bi Nilu zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Da gwamnan Cadi, Félix Éboué, bai koma bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta ba, da wannan hanya ba ta buɗe ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawan Sudan ya san waɗannan sunaye a jere, domin su ne zangunan da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna.

Kakana yakan ƙara da cewa wata rana ya raka mahaifinsa kai itace kusa da filin saukar, ya ga ƙananan jiragen suna da maƙoƙo a ƙarƙashin haɓarsu, mu kuwa mu yi ta dariya muna cewa tsufa ne. Kwanan baya na ci karo da hoton Hurricane irin wadda aka shirya don hamada, sai ga wani ƙullutu a ƙarƙashin hancinta, matatar iska ce da aka ƙara mata don kada rairayi ya cinye injin.